Katin Ɗan Farina Ya Riga Mu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tsoron da ya fi baƙin cikin nauyi, ni Barmo Jaye, manomin aya a karkarar Gazawa, nake sanar da ƴan'uwa da abokan arziki, da direbobin tashar Gazawa da ta Agye da Cadawa har Gidan Rumji, rasuwar katin banki na gidana. Ya cika ranar kasuwar da ta wuce waccan, bayan azahar, a kan gwiwar Surajo mai POS, a gaban shaidun da ba su gaza goma ba. Ya rasu yana da shekara uku ba wata biyu. A jikinsa an rubuta cewa zai kai baɗi waccan, amma wa'adin da banki ta rubuta daban, wanda Allah ya rubuta daban.

Na san za a yi dariya, kuma ban hana kowa ba. Liman ma da na je masa da maganar sai da ya rufe baki da rawani, ya ce, "Barmo, roba ba ta da salla." Na yarda, ban kuma nemi a yi masa ba. Abin da nake roƙo shi ne duk wanda ya fara karanta takardar nan ya daure ya kai ƙarshenta, in kuma direba ne ya ninke ta ya sa a aljihu.

An haifi marigayin a Katsina, a wata banki da ba zan kama sunanta ba. Shuɗi ne, siriri, bai kai tafin hannu ba, da ɗan haƙorin zinari guda a gefe kamar wanda ya dawo daga Makka. A ƙirjinsa akwai suna da manyan baƙaƙe, kuma sunan ba nawa ba ne. Na ɗan farina ne.

Ga yadda ya shigo gidana. Shekara uku da suka wuce, ruwan shuka ya sauka, gona rabi an shuka rabi ba a shuka ba, yaron ya same ni a ƙofar gida ya durƙusa ya ce zai tsallaka Najeriya wajen haƙar zinari. Dattawa huɗu na zaune a tabarmata. Da mu biyu ne kawai, wataƙila da na yi faɗa na huce. Amma idon mutane na kaina, sai na ɗaga murya na ce, "In ka tsallake iyakar nan, kada in ƙara jin muryarka." Bai ɗago kai ba. Yaro ne da tun yana ƙarami in ka ce zauna nan, za ka dawo da la'asar ka same shi a nan, rana ta juyo ta gasa shi bai matsa ba. Washegari bayan asuba ya tafi. Uwarsa Hadiza ta buɗe kwanon da take ajiye gishiri ta sami katin nan a ciki, da ƴar takarda mai lamba huɗu.

Tun ranar bai kira ba. Waya ɗaya ce a gidan, tawa ce, kuma ya san in ya kira ni zan ɗauka. Lambar da muka sani tasa ta daina shiga tun watan farko. Na ce kada in ji muryarsa, ya bi umarnina daidai, bai rage ko ɗigo ba. A duk umarnin da na taɓa ba shi, wannan kaɗai na so ya karya.

Wata huɗu ban taɓa katin ba. Na ce ba na cin kuɗin wanda ya bar ni da gona. Hadiza ba ta yi musu ba, sai dai kullum in za ta ba ni tuwo ta ajiye kwanon gishirin kusa da ƙafata, ko da miyar ta ji gishiri har ta yi yawa. A wata na biyar na gaji, na ɗauka na nufi kasuwa wajen Surajo, wanda ke da ƴar na'urar nan ta cirar kuɗi a rumfarsa kusa da ƴan tsire. Ya zura katin, na danna lambobin. A ranar na fara jin muryar marigayin: ƙit, ƙit, sannan ƙirrr, ƴar takarda ta fito. Surajo ya ce, "Baba, akwai."

Daga nan ya zama duk ƙarshen wata. In na ce kuɗin bai dame ni ba na yi ƙarya, don ya sayi taki, ya sayi maganin hawan jinin Hadiza, ya gyara amalanke. Amma abin da ke sa ni tafiyar awa biyu a kan jaki kalmar nan ce, akwai. Matacce ba ya aike. In na dawo zan tarar da Hadiza a bakin zaure tana tsince wake da ba ya buƙatar tsinta. Ba ta tambaya. In miƙa mata ƴar takardar, ta duba ta sama da ƙasa ko da yake ba ta karatun boko, ta sa a gwangwanin madara ta rufe. Ranar tuwon yakan yi daɗi.

Marigayin mai halin kirki ne, kowa ya shaida. Bai taɓa kai maganar gidana waje ba. Bai ci ba bai sha ba, bai nemi caji ba kamar waya. In na kuskure lamba yakan yafe sau ɗaya, ya yafe sau biyu, an ce a na uku ne yake fushi, amma ban taɓa kai shi can ba. Babban halinsa haƙuri, don wanda ya shekara biyu da rabi yana shiga hannun Surajo bai yi ƙara ba, ya cancanci a kira shi mai haƙuri.

Bari in faɗi yadda Surajo ke riƙe katin mutane, don masu kati su ji. Da hannun da ya ci tsire yake karɓa, mai da yaji da komai. In ya gama ba ya miƙo maka, wurgowa yake a kan tebur, in ya faɗi ƙasa kai za ka duƙa. Na ga ya kankare katin waya da katin wata tsohuwa. Na ga ya sakace haƙori da kusurwar na wani Bafillace, mutumin na tsaye yana kallo, kunya ta hana shi magana. Tsofaffin ƙauyukanmu da yawa a wurinsa suke barin nasu, ya haɗa su ya ɗaure da roba kamar daurin alayyafo, ya cusa a aljihu ɗaya da goro da makullin babur. Ni ban taɓa bar masa nawa ba. Na sa baduku ya ɗinka wa katin gida na jar fata, na rataya a wuya ƙarƙashin riga. Duk da haka sau ɗaya a wata dole ya fita daga gidansa ya shiga wancan hannu, ni kuwa in tsaya ina kallo, raina na tafasa, don daga rumfarsa sai ka yi wata tafiyar kafin ka sami mai na'ura.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da labari. Can cikin rani, an daɗe da gama yankan hatsi, Tala, abokina tun muna lakol, wato makarantar boko, ya dawo daga fatauci a Najeriya. Ya zo gaisuwa, ya zauna, ya sha ruwa, ya daɗe yana juya hularsa a hannu. Can ya ce, "Barmo, can wajen da yaronka yake, an ce rami ya rufta da mutane. An ce har da namu na Gazawa, biyu ko ukku. Ban ji sunaye ba, wallahi ban ji ba." Ya faɗa a hankali, amma katangar gidana ta kara ce. Na ji taɓarya ta tsaya a ciki.

Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Zuwa wajen Surajo kafin lokacin ba shi da amfani, don na riga na kwashe na watan jiya, kuma yaron ba ya aikowa sai ƙarshen wata. Sai jira. Na je tonon aya ina tono ban san abin da nake tonowa ba. Na tambayi duk wanda ya sauko daga mota, wani ya ce mutum bakwai ne, wani ya ce talatin, wani ya ce ba ma a wannan dajin ba ne. Babu wanda ya zo da suna.

A rana ta huɗu na manta katin a rataye a ƙusa na tafi gona. Hadiza ta karɓo turaren tsari wajen wata tsohuwa a unguwarmu, irin wanda ake turara rigar matafiyi a yi masa addu'a. To rigarsa babu, ya tafi da biyu, sauran ƙannensa sun cinye su da sawa. Abin da ya rage a gidan mai ɗauke da sunansa katin nan ne kawai. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren, ta riƙe katin a kan hayaƙin tana addu'a ido a rufe. Da na dawo na same ta zaune a ƙasa, katin a cinyarta ya lanƙwashe kamar ganyen masara da rana ta buga. Ta ce, "Malam, addu'a na yi mishi. Ban san ba ya son wuta ba."

Ban yi mata faɗa ba, kuma duk wanda ya zo gaisuwa ya ɗaga mata wannan magana, ni da shi ne. Na faɗa ne kawai don ta'aziyya ba a yin ta da ƙarya. Na sa katin tsakanin allo biyu na ɗora buhun aya a kai har kwana bakwai. Ya ɗan miƙe, bai miƙe duka ba. Haƙorin zinarin ya yi duhu a gefe guda.

Ranar kasuwa na isa tun rumfuna ba su gama buɗewa ba, amma Surajo bai zo ba sai da rana ta take, kuma kafin ya zauna layi ya taru a bayana. Na ciro marigayin na miƙa da hannu biyu. Ya zura. Na'urar ta yi wani dogon tiiiit da ban taɓa ji ba. Ya zaro ya hura masa iska ya mayar. Tiiiit. Ya goga a wandonsa. Ya tofa yawu a haƙorin ya murje da babban yatsa. Ya sa shi a farar leda ya zura da ledar, wai haka ake yi a Kano. Ya ɗauko ƙwandala ya fara kankare zinarin, ina jin ƙarar har cikin haƙorana.

Na ce, "Surajo, a hankali. Ba ni shi in kai wani wuri."

Ya ce, "Haba Baba, kwantar da hankalinka. Na gyara ɗari irin wanga. Lanƙwasa ce kawai ta hana shi zama, yanzu za ka ga aiki."

Ya ɗora shi a gwiwa, ya sa manyan yatsunsa biyu a tsakiya, ya danna shi baya. Na miƙa hannu, ban kai ba.

Ƙas.

Wannan ce maganar marigayin ta ƙarshe, kuma ba ta da ƙarfi, amma har mai tsire sai da ya juyo. Tsaga ta bi ta tsakiyar haƙorin zinarin, wani ɗan ɓallin ya faɗi cikin ƙasa, na duƙa na neme shi ban gani ba. Garin gyaran gira an rasa ido. Surajo ya juya katin gaba da baya ya ce, "Dama ya mutu, Baba, tun kahin ka kawo shi." Ya miƙo mini da hagu, idonsa na kan na bayana, ya ce, "Na gaba."

Ban zage shi ba. Na buɗe baki, sai na tuna abin da bakin nan ya riga ya jawo mini, na rufe. Amma ina so Surajo ya sani, tunda an ce yana karatu: a ranar ban zo cirar kuɗi ba. Tambaya ɗaya na kawo, amsar tana cikin na'urarsa, tsakanina da ita bai fi kaurin katin nan ba, ya karya ta a gwiwa yana taunar goro. Hadiza na bakin zaure da na dawo. Ta dubi hannuna ta ga babu takarda. Ta tattara wakenta ta shiga ciki.

Kwana biyu bayan haka na ɗauki gawar zuwa garin haihuwarta. Na hau babur ɗin kabu-kabu ta hanyar daji har iyaka, daga can mota zuwa Katsina, ana tsayar da mu ana dubawa, kowa a motar ya yi tsit in aka shiga inda gonaki suka ƙare. A bankin na bi layi har ƙafafuna suka kumbura. Kashiyar da na samu yarinya ce mai tabarau, ba ta fi ƴata ta uku ba. Abin da na fara lura da shi, da hannu biyu ta karɓi katin, ta shimfiɗa shi a kan farar takarda, ta haɗa bakin tsagar a hankali da ɗan yatsa. Na ji ƙwalla ta taho mini, na mayar da ita.

Ta ce, "Baba, sunan mai asusun?"

Na nuna mata rubutun da ke jikin katin. Ta ce ta gani, amma sai na faɗa da bakina, haka dokarsu take. Duk Bahaushe ya san uba ba ya kama sunan ɗan fari. Shekara ashirin da takwas ina cewa yaron nan, ko babban, ko kai. Ranar suna ma liman ne ya faɗa, ni na sunkuyar da kai. Na dubi layin da ke bayana, baƙi ne duka, babu wanda ya san ni. Na ce, "Abdulhadi." Sunan ya fito da ƙyar, na ji shi baƙo a bakina.

Ta danna abin da za ta danna, ta dubi allon da ke gabanta wanda ni ba na gani. Ta daɗe tana kallo. Ta matsar da yatsa, ta sake kallo. Sannan ta ce sabon kati ba ya fita sai mai asusun ya zo da kansa ya ɗora yatsa. Na ce ba na son sabon kati, ba na son ko dala. Na gaya mata labarin ramin. Na ce, "Ƴata, kalma ɗaya za ki faɗa mini. Wannan watan, akwai ko babu?"

Ta cire tabaran ta goge ta mayar. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ni da ikon faɗa. In na faɗa aikina zai tafi." Sai ta kira mai gadi ta ce ya kawo mini ruwa. Na duba layin nan kaf, babu wanda aka ba ruwa sai ni.

Ina cikin sha ta jawo aljihun tebur ta ciro almakashi. Ta ce katin da ya lalace ba a barinsa ya fita, yanka shi ake yi a gaban mai shi. Ta buɗe almakashin ta sa katin a tsakani, bakin ƙarfen ya sauka daidai tsakiyar sunan. Ban san lokacin da na zura hannu ta ƙarƙashin gilashin ba, ruwan ya zube a kan takardunta. Mai gadi ya matso. Ta ɗaga masa hannu, ta saki katin, ta ce a hankali, "Tafi da shi, Baba."

An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tun daga Katsina har gida nake tambayar fuskar yarinyar nan, har yau ban gama ba. Wani lokaci in ce tausayin tsoho ne kawai da ya sha hanya, tarbiyya ce ta gidansu. Wani lokaci in ce wanda ya ga alheri a allo, ko doka ta ɗaure masa baki ai zai yi ɗan murmushi, ita kuwa ba ta yi ba. Da Hadiza ta tambaye ni na ce sun ce a jira. Ba su ce ba. Shekara talatin da aure, ranar na fara yi mata ƙarya, kuma na ga ta gane.

Marigayin ya bar gidansa na jar fata, wanda har yanzu ke wuyana don na kasa cirewa. Ya bar ƴan takardu ashirin da tara a gwangwanin madara, na farkon duk rubutunsu ya koɗe sun koma fari. Ya bar lamba huɗu a kaina da ba su buɗe komai yanzu. Ya bar ɗan'uwansa katin ɗan ƙasa, da kawunsa katin zaɓe wanda bai taɓa amfanar kowa a gidan ba. Ya bar tsohuwa da ta daina cin abincin rana, da tsoho da in waya ta yi ƙara a aljihun wani sai ya taɓa nasa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An goge shi da tsumma mai tsabta, an naɗe shi a ƙyallen farin alawayyo. Ba za a haƙa masa rami ba. Ƙanena ya kawo shawarar a binne shi a bayan rumbu a huta, na ce duk wanda ya ɗauko fartanya zai ga abin da bai taɓa gani ba. Ba zan sa wannan sunan a ƙasa da hannuna ba alhali ban san ko ƙasa ta riga ni ba.

Za a yi zaman gaisuwa kwana uku a ƙofar gidana, gindin bishiyar dogon yaro, daga hantsi zuwa azahar. Kada a kawo komai. Kada kuma wani ya ɗaga murya ya ce Allah ya jiƙan rai, don Hadiza na bayan katanga tana jin kowace kalma. A ce Allah ya kawo labari, ya isa. Surajo in ya ga dama ya zo, akwai tabarma, amma ya wanke hannu.

Sadakar bakwai a tasha za a yi ta. Za a raba wa direbobi da ƴan kabu-kabu aya kwano-kwano, kowa da kwafin wannan takarda. Wanda Allah ya kai shi inda ake haƙar zinari, ko ya haɗu da mai zuwa can, ya tsaya a bakin ramukan ya karanta da ƙarfi, ya tambayi Abdulhadi ɗan Barmo Jaye na Gazawa, dogo, baƙi, mai tabo a gira ta hagu, ba ya yawan magana. In an same shi a gaya masa jiya na tara dattawan nan a ƙofar gida, uku da suka rage a raye, na janye maganata a gabansu. Kada ya aiko da komai. Kada ya tsaya neman abin da zai ce, ko sallama kawai ya yi ya kashe, zan gane.

Wayar tana da caji, kuma lambar ita ce dai wadda ya sani.